Itatuwan kan dutse da gonakin Dallol Mawri

Duk matafiyin da ya biyo babbar hanya mai lamba 1 daga Dosso ya nufi Birnin Ƙonni, kafin ya shiga Dogon Dutsi zai hango jajayen duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai suna tsaye a gefen gari. Daga gare su ne garin ya samo sunansa. Amma in aka koma ga ma'aunin masu awon ƙasa, babu wani wuri cikin gundumar Dogon Dutsi ko ta Tibiri da tsayinsa ya kai mita 400 daga bakin teku. Dutsen Idukal-n-Tagas da ke Bagzan cikin Abzin, wanda ya fi kowane dutse tsayi a ƙasar Nijar, mita 2,022 gare shi. Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya kuwa mita 5,895. Ƙanƙara ba ta taɓa kwanta wa gonakin Arewa ba; ko a tsakiyar ɗari, cikin watannin Disamba da Janairu, sanyin asuba kan sauko ƙasa da digiri 15, sa'an nan rana ta fito ta kore shi.

Saboda haka mai karatu yana da damar ya tambaya: ina ruwan manomin Matankari ko na Koren Mairuwa da dazuzzukan ƙasashen sanyi da na kan manyan duwatsu? Amsa ita ce, masanan da suka daɗe suna binciken waɗannan dazuzzuka sun gano cewa wahalar da iccen can yake sha, kusan ita ce wadda geza da sabara suke sha a kan tudunmu: ƙishirwa, ƙarancin ƙasa ƙarƙashin saiwa, iska, da gajeren lokacin girma. Abin da kan samu mutanen kwari in an sare iccen kan dutse, shi ma iri ɗaya ne can da nan.

Sanyi ƙishirwa ne ga icce

Kowane mita 1,000 da mutum ya hau bisa dutse, zafin iska kan ragu da kamar digiri 6. Wanda ya hau Kilimanjaro zai ratsa gonakin ayaba da kofi a gindi, ya shiga kurmi mai duhu tsakanin kamar mita 1,800 da 3,000, daga nan itatuwa su fara gajarta, su koma tsirrai masu rarrafe, har ya isa inda babu kome sai dutse da ƙanƙara. Wannan wuri da daji ke tsayawa shi ne masana ke kira iyakar icce. A duwatsun Alp na Turai tana wajen mita 2,000 zuwa 2,300. A Tibet da Bolibiya, ana samun itatuwa har kusa da mita 5,000. Wani malami na Jami'ar Bazel a ƙasar Suwis, Christian Körner, da abokin aikinsa, sun auna zafin ƙasa a irin waɗannan wurare cikin nahiyoyi da dama, suka bayyana a shekarar 2004 cewa kusan ko'ina iyakar icce tana faɗawa inda matsakaicin zafi a lokacin girma bai wuce digiri 6 zuwa 7 ba. In sanyi ya fi haka, ganye na iya haɗa abinci, amma jikin iccen ba ya iya gina sabon nama da shi.

Akwai kuma abin da ba kowa ya lura da shi ba. Idan ƙasa ta daskare, ruwan da ke cikinta ya zama ƙanƙara, saiwa ba ta da ikon zuƙarsa. Rana kuwa da iska ba su fasa tsotse ruwa daga ganye ba. Icce yana tsaye cikin dusar ƙanƙara har gwiwa, ƙishirwa na neman kashe shi. Ga iccen Sibiriya ko na Kanada, lokacin sanyi shi ne raninsa.

Dabara biyu ce Allah ya hore wa itatuwa a kan wannan matsala. Wasu sukan zubar da ganye gaba ɗaya, su yi kamar sun mutu, su jira. Haka iccen da Faransawa ke ce wa «mélèze» yake yi. Shi ne ya fi kowane icce kusantar ƙarshen duniya ta arewa, a Sibiriya, inda ƙasa daga ɗan zurfi kaɗan take daskare shekara da shekaru. Wasu kuma, irin su «sapin» da «pin», ba su zubarwa. Ganyensu siriri ne kamar allura, mai tauri, an shafe shi da wani abu kamar kakin zuma, ƙofofin numfashinsa ƙanana suna rufewa in ruwa ya yi wuya. Da zafi ya dawo sai su kama aiki nan take, ba su ɓata kwanaki wajen yin sabon ganye ba.

Wanda ya san dajin Arewa zai gane waɗannan halaye biyu ba tare da an nuna masa hoto ba. Geza, da damana ta wuce, ganyenta kan yi ja ya kaɗe, ta tsaya tsirara har ruwa ya sauka. Anza kuwa tana riƙe da ganyenta mai tauri kamar fata cikin tsananin bazara, kore shar, a kan fakon da ko ciyawa ba ta fitowa.

Farashin wannan juriya shi ne jinkirin girma. Kusa da iyakar icce, wanda bai wuce tsayin mutum ba yana iya zama ya shekara 50 ko fiye, iska ta tanƙware shi, rassansa duk sun koma gefe ɗaya kamar tuta. A kan wasu duwatsu na Kalifoniya cikin Amurka, wajen mita 3,000, akwai wani irin «pin» da aka ƙidaya zoben shekarunsa aka tarar ya haura 4,800, kuma tsawonsa bai kai na wani gawon fadama ba. Gatari na gama da irin wannan icce kafin a sha ruwa.

Ba sai mun ƙetare teku ba

Cikin ƙasarmu ma akwai misali. A kan duwatsun Bagzan, Tamgak da Girebun na Abzin, sama da mita 1,500, inda ruwa kan daskare a wasu dararen ɗari, akwai zaitun na daji da ake kira da sunan wani hafsan Faransa, Laperrine. Saura ne na zamanin da Sahara take da ruwa da ciyawa. Masu binciken da suka hau suka duba sun tarar da wuya a ga ƙaramin da ya tsiro daga ƙwaya. Tsofaffin kututture ne ke ta tohowa, raƙuma da awaki suna ci, suna sāke tohowa. A Tasili cikin Aljeriya akwai wani icce da Buzaye ke kira «tarut», wanda aka ƙidaya ɗaya bayan ɗaya aka samu ƙasa da 250 a daji, wasu sun haura shekara 2,000. Gwamnatin Nijar ta keɓe yankin Abzin da Tenere a 1988, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991.

A riƙe wannan magana ta toho daga kututture, za mu koma kanta.

Dajin da ke bisa tudun Arewa

Ƙasar Arewa hawa biyu ce. A ƙasa akwai Dallol Mawri, kwarin wani tsohon kogi da ya daina gudu tun zamanin da, ya gangaro daga arewa ya bi ta Matankari, Dogon Dutsi, Kiyeshe, Koren Mairuwa, Tibiri da Gesheme, ya nufi Gaya. Cikinsa yashi ne mai zurfi, ruwa kuma kusa yake. Akwai wuraren da rijiya ba ta wuce gaba biyu ko uku. Nan ne gawo, goriba, gawasa da kalgo suke, nan ne hatsi da wake da garake. An sa wani sashe na wannan kwari cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2004. A bisa kuwa, gabas da yamma, akwai tudu shimfiɗaɗɗe wanda marmara ta lulluɓe kansa. Ƙasar da ke kan marmarar sau da yawa ba ta kai kamu biyu ba, tsakuwa ce da laka, ruwan rijiya kuma sai an yi gaba da yawa kafin a tarar da shi. Ruwan sama a yawancin shekaru yana tsakanin milimita 400 wajen Sukukutan a arewa da kamar 600 wajen Tibiri a kudu, cikin wata uku ko huɗu kacal.

A bisa ƙa'ida, wannan ruwa bai isa ya riƙe kurmi a kan irin wannan ƙasa ba. Amma akwai kurmin. Geza, sabara, taramniya, tsiriri, anza da sarƙaƙiya sukan haɗu su yi duhu har akuya ba ta iya ratsawa, sa'an nan sai fako fetal, sa'an nan wani duhun, haka haka. Daga jirgin sama abin yana kama da zanen jikin damisa. Wani Bafaranshe mai nazarin hotunan sama, Clos-Arceduc, shi ya fara bayaninsa a 1956, aka kuma yi masa suna «brousse tigrée», wato daji mai zane. An fi samunsa a kan tuddan yammacin Nijar tsakanin layi na 13 da na 15 arewa da tsakiyar duniya, Dogon Dutsi kuwa tana cikin wannan tsakani. An yi dogon bincike a kansa a Banizumbu, gabas da Yamai, musamman daga 1992.

Ga abin da binciken ya nuna, ya kuma kamata kowane ma'aikacin gandun daji da kowane mai gari ya san shi. Tudun da ido ke gani kamar faifai yana da ɗan gangare, wanda sau da yawa bai kai mita 1 cikin mita 100 ba. Fakon da ke tsakanin layukan itatuwa yana da ɓawo mai tauri, ruwa ba ya shigarsa sai kaɗan. Mafi yawa yana malala a hankali ya gangara zuwa layin itatuwan da ke ƙasa da shi. Can sai ciyawa da busasshen ganye da karyayyun rassa su tare shi. Gara kuma, wadda muke zagi in ta shiga rumbu, ta riga ta huda ƙasar wurin da dubban ramuka, ruwa ya bi su ya nutse. Ta haka tsakiyar kurmin kan sha ninki biyu ko fiye na ruwan da sama ta zubo a kansa. Fako shi ne rufin kwano, kurmi shi ne randa.

Daga nan abu biyu suka fito. Na farko, wanda ya ga fakon ya ce ɓatacciyar ƙasa ce, ya sa aka farfasa shi aka dasa itatuwa, ya tare ruwan da kurmin ƙasa ke rayuwa da shi. Sababbin ba su kama ba, tsofaffin sun bushe. Niyya mai kyau ba ta hana wannan ɓarna. Na biyu, in aka sare kurmin, babu sauran abin da zai tare ruwa. Ganye ya ƙare, gara ta tashi, ɓawo ya rufe wurin, fako biyu suka haɗe suka zama ɗaya. Ruwan da dā yake nutsewa a bisa, yanzu sai ya taru ya zo bakin dutse da ƙarfinsa.

Inda ruwan ke zuwa

Manoman da gonakinsu ke gindin tudu ba su bukatar a gaya musu sauran labarin. Korama tana fara wa kamar sawun amalanke, bayan damana kaɗan ta zama rami mai haɗiye raƙumi. Tana cin gona daga gefe, tana kwaso yashi da tsakuwa ta zube su bisa ƙasar fadama mai kyau, tana cike tabkuna, in ta sami gari a gabanta ta shiga gidaje. Birnin Dogon Dutsi kansa, da yake zaune a gindin duwatsu, ya sha fama da irin wannan ruwa, har aka yi ta gina shingayen duwatsu cikin ragar ƙarfe a kan koramun da ke gangaro masa.

Akwai wani abin mamaki da ya kamata a faɗa, don kada a ce mun ɓoye rabin gaskiya. A yankin da ke gabas da Yamai, masu awon rijiyoyi sun tarar ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da kamar mita 4 tsakanin 1963 da 2007, alhali shekarun fari na 1973 da 1984 suna ciki. Dalili shi ne sarar daji: ruwan da itatuwa ba su sha ba ya taru cikin tabkuna ya nutse. Wani zai ce to ai riba ce. Mu dai a ganinmu riba ce irin ta wanda ya sayar da gonarsa ya sayi rumbu. Ruwan ya ƙaru a ƙasa, amma ƙasar noma ta tafi tare da shi, a wuraren da ruwan ke kusa kuma hawansa kan jiƙe gona ya fito da kanwa da gishiri.

Turawa sun riga mu shan wannan darasi. A farkon ƙarni na 19, yawan jama'a da tumaki da neman itacen wuta sun tsiraita duwatsun kudancin Faransa. Wani injiniya mai suna Alexandre Surell ya rubuta littafi a 1841 a kan koramun Alp, ya nuna cewa inda daji ya tafi korama ke haihuwa, inda ya dawo kuma takan mutu. Bayan babbar ambaliyar 1856, gwamnati ta kafa dokar mayar da daji bisa duwatsu a 1860. Ba a yi shawara da mutanen wurin ba. Makiyaya suka ga an ƙwace musu makiyaya, suka tayar da ƙayar baya, sai da aka sāke doka a 1864, aka kuma sāke a 1882 tare da biyan diyya. Ƙasar Suwis ta yi tata dokar a 1876. Can ma akwai ƙauyen Andermatt, wanda mutanensa da kansu suka haramta taɓa kurmin da ke bisa gidajensu tun 1397, don shi ke tare musu dusar ƙanƙara in ta gangaro. Dokar da ƙauye ya yi wa kansa ta shekara fiye da 600 tana aiki. Wadda aka aiko daga babban birni ba ta yi 5 ba sai da aka gyara ta.

Icce na wane ne?

Ma'aikatan daji na wannan makaranta su ne suka zo ƙasashenmu da dokar 4 ga Yuli 1935, wadda ta sa daji da manyan itatuwa ƙarƙashin ikon hukuma. Dokar Nijar ta 4 ga Maris 1974 ta bi sawunta a abubuwa da yawa. Sakamakon kowa ya san shi: manomi ya ɗauka icce na gandun daji ne, tara kuma tasa ce, saboda haka gara ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. An mayar da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa a 1975, an yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada cikin watan Mayu 1984, an dasa miliyoyin itatuwa. Waɗanda suka rayu ba su kai waɗanda aka ƙidaya ran dashe ba.

Abin da ya canja fuskar karkara daga kututture ya fito, kamar zaitun ɗin Bagzan. Daga 1983, a jahar Maraɗi, manoma suka fara barin toho biyu ko uku mafi ƙarfi a kan kowane kututturen sabara, kalgo ko gawo lokacin sassabe, suna sassaƙe sauran. Saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, don haka tohon yana girma da sauri fiye da dashe. An ƙiyasta wannan aiki ya kai eka miliyan 5 ta awon hekta a ƙasar, da itatuwa wajen miliyan 200. Dokar daji ta 8 ga Yuni 2004, da dokar 30 ga Yuli 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan iccen da ya raina a gonarsa, sun biyo bayan abin da talakawa suka riga suka yi.

Sai dai wannan nasara ta gona ce, inda kowane icce ke da mai shi. Tudu ba shi da mai shi guda. Makiyayi yana hawa da dabbobinsa da damana don ya kauce wa shuka, kuma haƙƙinsa ne. Mata suna ɗebo ganyen sabara na wankan jego da itacen girki. Masu saƙa suna yankan geza don rumbu da kujeru da kwanduna. A shekarar yunwa ƴaƴan anza, bayan an jiƙa su kwana da kwanaki an zubar da ɗacinsu, sun riƙe gidaje da yawa. Sa'an nan ga masu amalanke da manyan motoci da ke kai itace birane, ga wanda gonar gado ta yi wa kaɗan ya hau ya share fako don hatsin da ba zai wuce damana biyu ba. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, waɗanda aka raba a 2011, sun haura mutum 600,000 in an haɗa su, kuma kusan kowane gida da itace yake dafa tuwo.

Akwai kayan aiki a hannu. Dokar 21 ga Agusta 1992 ta ba ƙauyuka ikon kafa kasuwannin itace na karkara, su raba dajinsu kashi kashi, a sari wannan bana a bar shi ya huta shekaru, wani rabo na haraji kuma ya zauna a ƙauye. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye da za su iya rubuta iyakar makiyaya da burtali. Inda kurmi ya riga ya mutu, ana haƙa rabin wata, wajen 300 a hekta ɗaya, bakinsu na duban inda ruwa ke fitowa, ana jera duwatsu a gicciye, ana shimfiɗa rassa bisa ɓawo don gara ta dawo ta huda shi. An ga amfanin irin wannan aiki a Keita tun daga 1984. Amma jami'in da ya kawo rahoton yawan ramukan da aka haƙa bai gama aikinsa ba. Tambayar da ta kamata shugaban gunduma ya yi masa ita ce: wa ke tsaron wurin a damana ta biyu da ta uku, kuma an zauna da Fulani da Buzayen da ke kiwo a can kafin a kafa alama, ko kuwa da safe suka tashi suka gan ta?

Ga mai sara kuma, masana daji suna ba da shawara a zaɓi reshe mai kauri a bar ƙanana, a sare shi sarar kirki kusa da ƙasa yadda kututturen zai toho, a bar ƙananan rassa da ganye a wurin maimakon a ƙone su. Gefen kurmin da ke fuskantar fako, wato inda ruwa ke fara shigowa, nan ne ciyawa ke tsayawa, nan ne ƴaƴan geza da sabara ke tsirowa, kuma ta nan ne kurmin ke matsawa gaba kaɗan kaɗan. Wannan gefe ba a sa masa gatari, ba a sa masa wuta.